Baƙin Yatsa a Gindin Malmo

Tun ranar da mai gidan hayar ya sayo farar mota, bishiyar malmon tsakar gida ta shiga uku. Mutumin da 'yan haya ke kira Ƙarshen Wata, don ba a ganin ƙeyarsa sai wata ya mutu, sai ga shi ya mai da gidan gareji, wai ƙofar gidansa ta yi wa motar kaɗan. Malmo kuwa ina ruwanta da mota? Ta nuna, ta faɗo, ta fashe a kan farin fenti kamar an watsa tawada.

To, wannan bishiya tana da uwa a gindin murhu, wato Anti Tela ta ɗakin ƙurya. Ciwon suga ya daɗe da ita, har ƙafar da take taka keken ɗinki da ita ta fara sanyi, ba ta cika ji da ita ba. Nas ta ce mata suga na cin hanyoyin jini ne kamar tsatsa a bututu. Ta sha magani kan kari, ta riƙa tattaki, kada ta kuskura ta zauna ba takalmi, sannan ta ci ganye da 'ya'yan itace masu duhun launi daidai misali, don akwai abin da ke cikinsu mai taimakon jijiyoyin jini. "Taimako na ce fa, Anti, ban ce magani ba." Anti ta riƙe duka, malmo ta zama abin cinta kullum, ban da takalmin. Wai ƙafa ba ta jin keke ta cikin soso.

Rannan da hantsi sai ga Ƙarshen Wata da mai zarto, injin a kafaɗa, za a sare bishiyar. Kafin su gama sallama Anti ta jawo kekenta ƙiiii, ta jingina shi da gindin bishiyar, ta zauna, ta hau ɗinki.

"Tela, matsa za a yi aiki."

"Ni ma aikin nake yi, ranka ya daɗe."

"Gidana ne ko naki?"

"Naka ne mana. Ƙafar ce tawa. Ka je ka sayo wa amaryar taka mayafi ka lulluɓe ta."

Matan gidan suka fara leƙowa. Mai kitso ta fito da mataji a hannu, ta bar kan mutane rabi a tsefe. Mai zarto ya sauke injin, ya tsinci malmo ɗaya ya jefa a baki.

"Yaya, ki rufa mini asiri," in ji shi, "ni kirana aka yi."

"Ja injinka, ƙanena. Amma ka fara ta kaina, na fi itacen taushi."

Aka kwashe da dariya. Ƙarshen Wata ya cika ya yi fam, ya sunkuyar da kai yana neman abin faɗa, sai idonsa ya sauka a ƙafarta. Ya nuna da makullin mota.

"To likitar bishiya, dubi amfanin da ta yi miki. Ga babban yatsanki can ya yi baƙi ƙirin. Kin gama cin malmo, saura asibiti su ci ƙafa."

Keken ya tsaya. Anti ta duba. Wallahi baƙi ne, tun daga farce har gindin yatsa, kuma ba ta ji komai ba. Haka na yayanta ya fara, da yatsa ɗaya, yau ga shi da sanda da wando a naɗe. In ƙafar nan ta tafi, keke ya tafi. Mai zarto ma ya daina tauna.

Ta so ta ja zane ta rufe. Sai ta ga yadda mutumin ke murmushi.

"Mai kitso, kawo mini ruwa da sabulu."

"Anti, mu shiga ɗaki dai..."

"A nan. A gabansa aka faɗa, a gabansa za a gani."

Ta ɗora ƙafar a kan ƙarfen keke, ta cuɗa. Da farko shiru. Ta ƙara sabulu, ta dirje da ƙyallen ɗinki. Sai kumfa ya fara juyawa, ya yi shuɗi, ya gangara ƙasa. Ashe malmo ta taka lokacin da take jan keke. Ta danna farcen yadda nas ta koya mata, ya yi fari, ta saki, jini ya dawo a hankali ya yi ja.

Mai kitso ta saki shewa.

Anti ta ɗaga ƙafar sama, a jiƙe. "Ranka ya daɗe, ka gani? Nawa ya fita da sabulu. Na motarka ma zai fita, in ka iya wanki."

Mai zarto ya riga ya cika aljihu da malmo. Ya saɓa injinsa. "Baba, ni dai ba na yanka itace da mutum a jikinsa."

Ƙarshen Wata ya shiga mota ya yi baya da ita har titi, malmo ɗaya ta raka shi, ta faɗo ɗas a gilashi.

Sai da ƙurar ta lafa Anti ta ce a hankali, "Mai kitso, leƙa ƙarƙashin gadona ki miƙo mini takalman nan."