Ranar da Jarumin Musbahu Ya Ƙi Tashi

Shekara talatin ke nan Hausawan unguwar Ammariyya, can ƙasar Larabawa, suka san Alhaji Musbahu da jin Indiyanci. Ba ya ji. Abin da ya sani shi ne tafiyar fim. Idan yarinya ta yi kuka, an raba ta da saurayi ne. Idan mai gashin baki ya yi dariya, shi ne bos. Idan aka ɗaure ta a gidan sama, jarumi na nan tafe. A kan wannan ya gina sunansa tun zamanin kaset, kuma asiri bai taɓa tonuwa ba.

Duk Juma'a bayan la'asar teloli da direbobi da 'yan dako sukan cika falonsa, shi yana kusa da talabijin yana fassara. Dokarsa ɗaya ce: ba a kunna rubutun fassarar Larabci a ƙasan hoto. Ya ce rubutu na ɓata ma'ana.

Wannan Juma'ar Isma'il ne ya kawo fim, wani direba ɗan Hausawan Sudan da ke aiki a unguwar Safa. Ya ce sabo ne, matan gidan kafilinsa, wato ubangidansa, sun kalla sau uku. Musbahu ya dubi mutumin farko da ya fito, dogo mai faɗin ƙirji, ya sanar da jama'a cewa ga jarumi. Matar da ke gefensa cikin kakin 'yan sanda kuwa, ya ce kada kowa ya damu da ita, za ta cire ta sa sari in an zo waƙa.

Ba a zo waƙa ba. Kafin shayi ya huce aka harbe dogon.

Musbahu ya ce suma ya yi. Aka ɗauke shi a makara, ya ce dabara ce ta yaudarar bos. Aka ƙone gawar a bakin kogi, hayaƙi ya tashi. Musbahu ya kurɓi shayi, ya ce ai tagwaye ne, ɗayan yana wani gari, a jira.

Aka jira. Matar ta shiga ofis, maza suka miƙe tsaye. Ta mari wani mai gashin baki, ba wanda ya zo taya ta. Daga nan ta zauna ta kama magana, ba kuka ba kiɗa, fuskarta kamar bango. Nan Musbahu ya rasa madafa. Kuka yana da fassara, rawa tana da fassara, amma mace zaune tana bayani maza suna rubutawa, wannan bai taɓa gamuwa da shi ba.

Ya ce tana kewar masoyinta ne.

"Ya ammi, haba baffa, da takardu a hannu ake kewa?" in ji Isma'il. "Bari in kunna rubutun tarjama, halas, shi ke nan kowa ya huta."

Rimot na hannunsa. Mutum goma sha uku suka juyo suna kallon tsohon. Musbahu ya san in rubutun nan ya fito, ba fim ɗin yau kaɗai za a karanta ba, har na shekarun baya.

Sai ga matarsa, Hajiya Mastura, da butar shayi ta biyu. Ta yi shekara goma sha ɗaya tana aiki a gidan wani likita Ba'indiye a unguwar Madain Fahd, ta yi renon 'ya'yansa uku, da harshensu take musu faɗa. Musbahu ya sani. Ba su taɓa yin zancen ba. Takan ajiye shayi ta fita, ko da ta ji ya ɗaura auren wa da ƙanwa a fassararsa.

Ya ɗaga hannu ya tsayar da Isma'il. Bai dubi matarsa ba, talabijin ya duba.

"Hajiya, kunnena na hagu ya toshe yau. Me yarinyar nan ta ce?"

Mastura ta ajiye butar, ta saurara kaɗan.

"Ba yarinya ba ce, Alhaji, ita ce shugabarsu. Dogon nan direbanta ne. Tana gaya musu ta san wanda ya sa aka harbe shi, kuma yana cikin ɗakin."

Isma'il ya ce dama ko'ina direba ake fara harbewa.

Musbahu ya gyara murya ya maimaita abin da ta faɗa kalma bayan kalma, da ƙarfi, kamar ladan a bayan liman. Ya ƙara da cewa abin da yake shirin faɗa ke nan.

Mastura ta juya za ta fita. Ya ce shayin nan sai da mai tsiyayawa, ta ɗan zauna. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a bakin ƙofa. Ita ta faɗa a hankali, shi ya faɗa da ƙarfi. Isma'il ya dubi rimot, ya dubi furfurar tsohon, ya ajiye shi kan tabarma.

Can gaba wani saurayi ya shigo da fure a hannu. Musbahu bai jira ba, ya ce to, ga mijin da za ta aura.

"Ba haka ba ne, Alhaji. Kama shi za ta yi."

"Kama shi za ta yi," in ji Musbahu.