Kaset ɗin Ramatou

Gari ya waye wa Zubair yana zaune a bakin gado, yana juya tsohon kaset da biro, ko da yake zaren a miƙe yake tun jiya. Bai runtsa ba. Tambaya ɗaya ce ta hana shi barci: ya faɗa wa Baba kafin a kunna, ko ya bari kaset ɗin ya tona masa asiri da kansa?

Gobe mahaifinsa, Malam Mahamadou, zai bar Agege ya koma Maraɗi, komawa ta ƙarshe. Ciwon suga ya cinye masa idanu, kunnensa ya yi nauyi, rumfar goronsa tana hannun wani. Abu ɗaya ya roƙa kafin tafiya, shi ne ya ji muryar matarsa Ramatou a ɗakin da ta rayu. Saƙo ne ta ɗauka a kaset tana amarya a Maraɗi, ta aiko masa Legas ta hannun direban motar shanu, a zamanin da haka ake aika wasiƙa idan ba a iya rubutu ba. Tana da rai bai ga dalilin sake kunna shi ba. Da ta rasu kuma ya kasa.

Mako uku Zubair yana cewa ba a samun rediyo mai kaset a Legas, ya duba har kasuwar Idumota. Jiya sai ga Iliyasu wanzami, aminin Baba, ya taso daga Obalende da rediyo a cikin buhu, yana tsokanar Zubair wai jami'a ta koya masa lissafin taurari amma ba ta koya masa shiga kasuwa ba.

Zubair ya ɗauki rediyon ya shiga ɗakin mahaifinsa. Ya same shi ya yi wanka, ya sa farar riga, har da turare.

Tsohon bai yi gaggawa ba. Shi ba ya lissafin shekaru da lamba, da abubuwan da suka faru yake yi, kuma yau ya ɗauko su tun daga farko. Yana yaro aka taru a rumfar wani tela ana sauraron rediyo, aka ce mutum ya taka wata, kakarsa ta tofar da yawu ta ce to su gaishe mata da shi. Ya shigo Legas shekarar babban bikin al'adun baƙar fata, ya tsaya a bakin titi da tiren goro yana kallon mutanen ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba. Sannan kaset ya zo, mutum ya yi magana a Maraɗi a ji shi a Agege bayan kwana biyar, suka ɗauka an kai ƙarshen ilimi. Da wayar hannu ta fito, ya ce, magana ta yi araha, aka daina ajiye ta.

“Sai shekarar da rana ta yi kusufi,” in ji shi. Bai ƙarasa ba. A damina ta wannan shekara Ramatou ta rasu.

Ranar kusufin Zubair yana da shekara goma. An sallame su daga makaranta, ya dawo gida kansa cike da bayanin malami, yana son ya zama mai ba da rahoto irin na gidan rediyo. Ya buɗe akwatin Baba, ya ɗauki kaset ɗin da hannunsa ya fara taɓawa, ya sa a rediyon gidan, ya danna jan maɓallin ɗaukar murya. Sai da yamma ya ga sunan Ramatou da wani ya rubuta a jikinsa. Ya mayar da shi inda yake. Shekara goma sha tara ke nan bai faɗa wa kowa ba, kuma wani lokacin yana zargin cewa saboda wannan rana ya karanta kimiyya, kamar mai neman hujjar da za ta wanke shi.

“Baba,” ya ce, ya matso kusa da kunnen da ya fi ji, “muryar Inna ba ta ciki. Na goge ta ina yaro. Ni ne a kai.”

Tsohon ya shafa gwiwarsa, ya gyara hularsa wadda ba ta karkace ba. Daga ƙarshe ya ce, tun da an riga an kawo rediyo, a kunna.

Zaren ya yi shuu, sannan siririyar muryar yaro ta cika ɗakin, tana sanar da masu sauraro cewa a nan Agege wata ya shiga tsakanin duniya da rana. Ana jin kaji, da hon na motocin haya danfo, da ladan yana kiran sallar kusufi. Zubair ya sunkuyar da kai. Can wajen minti na shida, daga nesa, bayan ƙarar ruwa da ake zubawa a baho, wata murya ta ratso: “Zubairu, a cikin ruwa za ka duba, kada ka ɗaga kai. Wa zai kira mini babanku ya zo ya gani?”

Zubair ya tsayar da kaset ɗin ya dubi mahaifinsa. Fuskar tsohon ba ta canza ba, yana dai zaune da haƙurin mai jiran a gama.

“Baba, tana ciki. Ba ka ji ba?”

Ya mayar da zaren baya, ya ƙure ƙarar, ya ɗora rediyon a kafaɗar tsohon. Sau uku. Muryar yaron kaɗai ke isa gare shi, ta Ramatou ta yi nisa da rediyon.

“Me ta ce?”

Zubair ya kai bakinsa kusa da kunnen, ya maimaita maganar kalma bayan kalma, da irin jan harshenta na Maraɗi iya yadda ya iya.

“Ina rumfa ranar,” in ji Malam Mahamadou a hankali. “An aiko, na ce ina da masu saye.”

Ya lalubo rediyon ya rungume shi a ƙirji. Zubair ya fasa zuwa makarantar da yake koyarwa, ya kashe wayarsa, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar mahaifinsa. Ya sake mayar da zaren baya zuwa inda ake zuba ruwa.