Hoton Auta Kafin Ƙarfe Huɗu

Shago na uku ke nan, agogo kuma ya nuna biyu da rabi. Bakanike ya tsaya a ƙofar mai hoto, fom ɗin makaranta a hannun dama, 'yarsa Auta a hannun hagu. Shekararta bakwai, biyu daga ciki sunanta na layin jira a makarantar da ke karɓar yara masu lalurar otizim. Jiya aka bugo waya: gurbi ya samu, a kawo fom da ƙaramin hoto kafin ƙarfe huɗu na yau, fuska a tsaye, ido na kallon gaba. In ba haka ba, a ba wanda ke bayanta.

Ido na kallon gaba! Auta da ko tsohuwarta ba ta yarda su haɗa ido.

Mai hoton dogo ne, bakinsa ba ya hutawa. "Malam, kwantar da hankalinka. Jarirai ma na ɗauka, balle wannan gimbiya. Zauna nan. Ke! Kalle ni! Ga tsuntsu, ga tsuntsu!"

Ya kyasta yatsu, ya yi fito, fitilar kyamara ta walƙa. Auta ta toshe kunnuwa, ta ƙwalla ƙara, ta shige ƙarƙashin tebur ta dunƙule.

"Rashin kwaɓa ne kawai," in ji wata mata da ke jiran layi, ba ta ko rage murya ba.

Bakanike ya zaro wayarsa. Ya fita ya kira matarsa, wadda ke bakin aiki a asibiti.

"Ba zan iya fitowa ba," ta ce. "Kira Maman Tagwaye."

"Ta ƙungiyar nan taku?"

"Tamu dai. Kai ne ka ce taron shan shayi da kuka ne. Kira ta, ko ka dawo min da fom ba hoto."

Ƙungiyar iyayen yara irin Auta ce, suna haɗuwa duk Asabar. Sau ɗaya ya taɓa leƙawa, ya ga ba shi da abin faɗi, ya sulale. Yanzu kam ya danna lambar, kunya na cin sa.

Kwata bai cika ba tasi ta sauke wata gajeruwar dattijuwa da ƙatuwar jaka. Ta yi sallama, ta dubi ƙarƙashin tebur sau ɗaya, ba ta ƙara ba.

"Ɗana, kashe waƙar nan," ta ce wa mai hoto. "Kashe fitilar ma. Buɗe labule, hasken taga ya isa."

"Hajiya, shekara goma sha biyu ina wannan sana'a."

"Ni ashirin ina rainon biyu irinta. Wa ya girmi wani? Kana da abin nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara?"

"Akwai."

"Da wanda ake dannawa daga nesa?"

"Shi ma akwai, amma..."

"Ɗora ta daidai tsayin yarinyar, ka sa kyamarar ta fuskanci farin bangon. Sannan ka zo ka zauna kusa da ni, ka yi abin da ba ka taɓa yi ba tun da aka haife ka."

"Mene ne?"

"Shiru."

Matar da ke layi ta tuntsire da dariya, Maman Tagwaye ta juyo. "Ke kuma 'yar'uwa, ki taimaka ki sha iska a waje na ɗan lokaci. Allah ya ba da lada." Matar ta fita sumsum.

Suka jeru a benci su uku, suka juya wa tebur ƙeya. Dattijuwar ta yi ƙasa da murya. "Ba kyamarar take gudu ba, idon da ke bayanta ne. Ka cire mutum, ta zama kaya kamar kowane kaya. Za ta zo da ƙafarta ta duba."

"In ba ta zo ba fa?" in ji Bakanike.

"Sai mu sake dabara. Muna da dabaru cike da jaka. Da kana zuwa Asabar da ka sani."

Uku ta buga. Uku da minti goma. Bakanike ya dubi agogo. Sau biyu ya yunƙura zai tashi, sau biyu dattijuwar ta danne masa gwiwa. Mai hoto ya karkata wani madubi yana leƙe ta ciki, ɗan maɓalli a tafinsa.

Can sai ga ƙafa ɗaya ta fito. Auta ta miƙe, ta bi bango tana shafa shi da yatsa, ta zagaya kyamarar sau biyu. Ta taɓa ƙafafun ƙarfen ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta tsaya cak a gaban gilashin, ta zuba masa ido.

Ƙas. Ƙas. Ƙas.

Mai hoto ya buɗe baki zai yi ihu, Maman Tagwaye ta ɗaga masa yatsa, ya mayar da ihun ciki. Da ya wanke hoton sai da ya goge ido. "Hajiya, in wasu na da irin waɗannan yaran, ki turo min su."

"Ka shiga littafinmu ke nan. Muna da wanzami da likitan haƙori, mai hoto ne babu."

Huɗu saura takwas Bakanike ya faɗa ofishin makaranta, Auta a kafaɗarsa, yana haki. Sakatariya ta ɗaga hoton, ta juya shi, ta yamutsa fuska.

"Ta matso kusa da yawa. Kunne ɗaya ma bai fito ba."

Ya dafa teburin da hannu biyu. "Ranki ya daɗe, ido kuka ce, ga ido biyu reras. Kunnen kuma ga shi nan na taho da shi, ki duba."

Ta dubi yarinyar, ta dubi hoton. Dariya ta ƙwace mata. Ta jawo fom ɗin, ta manna hoton, ta buga hatimi.

"Litinin, ƙarfe takwas. Kada ku makara."