Yaryaɗi a Jikin Mangwaron Baba

Ni na kawo masifar nan gidan da hannuna, ba zan ɗora wa kowa ba. Wata abokiyar aikina ce ta ba ni irin a ƙulle cikin takarda, wai fure ne mai kyau, shuɗi kamar ƙaramin mazurari, ya buɗe da safe ya rufe kafin rana ta take. Na watsa shi a gindin katanga ina ta rawar kai. Damina biyu kacal yaryaɗin nan ya cinye katangar, ya haye igiyar shanya, ya danne mini tumatir, sannan ya miƙe ya nufi mangwaron Baba.

Mahaifina tare muke zaune. Wannan mangwaron shi ne na ƙarshe da ya yi wa aure, wato ya yanko reshen iri mai daɗi ya haɗa a jikin ɗan dashe ya naɗe da leda. Bayan wata biyu hannunsa na dama ya shanye. Tun daga nan ba shi da aiki sai a fito masa da kujera bakin ƙofar kicin, ya zauna yana kallon sabon ganyen da reshen ya fitar. Ran da ya ga ƙarin toho har abinci ya fi ci.

Da farko fartanya na ɗauka na yi wa jijiyoyin gunduwa-gunduwa. Baba ya ce ɓarna na yi, kowane guntu sai ya tsiro. Haka kuwa aka yi, kamar taki na zuba musu. Maigidana, sarkin gaggawa, ya ce a sayo maganin feshi a huta. Baba ya ce sai dai bayan ransa, feshin ba zai bar dashen ba. Shi dabararsa ita ce a bi kowace igiya da almakashi a datse ta daga ƙasa, a bar ta a jikin bishiyar ta bushe, bayan mako ta saki da kanta.

"Kada ki ja," ya ce mini. Ya maimaita har na ji haushi, sai ka ce yarinya yake wa faɗa.

Kwana huɗu na yi ina bin almakashi, sai aiki ya sha kaina. Ranar Asabar na fito shanya na tarar yaryaɗin ya nannaɗe dashen har wurin ledar, ga furensa uku a sama sun buɗe, ko kunya babu. Raina ya ɓaci. Na ajiye bokiti, na tattaro igiyoyin da hannu biyu na fizga.

Ƙas na ji. Reshen ya biyo hannuna da ganyensa, da guntun leda yana reto.

Baba yana kan kujerarsa, ya ga komai. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na durƙusa gabansa da reshen.

"Baba, in na mayar na ɗaure zai kama? Ka gaya mini yadda ake yi, ni zan zama hannunka."

Ya karɓi reshen da hagu, ya juya shi, ya dubi inda ya tsage.

"Ya dare har ciki, 'yata. Ba zai kama ba."

Ya kira maigidana ya ce a shigar masa da kujerarsa cikin ɗaki. Yau kwana tara ke nan bai ce a fito da ita ba.