Allurar da ta Karkace

A shagon kofin Kuwabara, can bayan tashar jirgin ƙasa a Sendai, doka ɗaya ce: in faifai yana juyawa, ba a magana. Ko tari ne ya taso maka, sai ka haɗiye abinka. Kiɗan jaz muke zuwa ji, shi kuwa tsoho Kuwabara kunnensa ne jarinsa, yana ji da shi har ya ba mutum haushi. Wasu da madubi suke saita allurar garmaho don ta tsaya cak a kan faifai, kada ta rinjaya dama ko hagu. Shi da kunne yake saita tasa.

Da sanyi ya shigo sai kiɗan ya fara karkata. Lasifikar hagu tana ruri, ta dama kamar mai jin kunya. Kowa ya ji, amma wa zai tari Kuwabara ya ce kiɗansa ya karkace? Sai muka riƙa komawa kujerun dama a hankali, har ranar da muka cunkushe a lungu guda, gwiwa tana gugar gwiwa, rabin shagon kuwa wayam.

Da faifan ya ƙare ya dube mu. "Wai ku lafiya? Maciji ne a wancan ɓangaren?"

Hatsue, tsohuwar malamar makaranta da ta fi kowa daɗewa a shagon, ta zaro madubin hodarta daga jaka. "Maigida, ɗora allurarka a kan wannan mu gani."

"Madubi? Ni?"

"Ɗora dai, ba cizo yake yi ba."

Ya cire faifan, ya kwantar da madubin, ya sauke allurar a kai, ya sunkuya. Da a tsaye take, da ita da hotonta na cikin madubin sun miƙe layi ɗaya. Sai ga su sun lanƙwashe kamar gwiwar hannu. Ashe kunnensa na hagu ne ya yi nauyi, shi kuma yana ta murɗa kan allurar har sai kiɗan ya yi masa daidai, shi kaɗai.

Ya daɗe bai ɗago ba. Wallahi tausayinsa ya kama ni.

"Mai kunne ɗaya ba ya riƙe irin wannan shago," in ji shi. "Rufewa zan yi."

"Idonka ma ya mutu ne?" in ji Hatsue. "Gyara mana abu, kofina yana hucewa."

Ya sassauta ƴar kusar da ke riƙe da kan allurar, ya murɗa kan allurar kaɗan, ya leƙa, ya ƙara murɗawa, har ita da hotonta suka miƙe. Ya ɗora faifai. Sautin mai busa ƙaho na cikin faifan ya dawo tsakiyar ɗaki sosai, daɗi ya ratsa ni har ƙafa. Shi kuwa a kunnensa yanzu ne abin ya karkace. Ya bi fuskokinmu da kallo, ya kasa daurewa.

"Ya yi?"

Ba wanda ya tanka, faifai yana juyawa. Muka bar shi tsaye yana zufa yana murza tsumma, ni ina danne dariya har cikina ya ƙulle. Sai da allura ta kai ƙarshe Hatsue ta ajiye kofinta.

"Ya yi. Gobe ƙarfe nawa za ka buɗe?"

Ya share ido da tsumman. "Kamar kullum," in ji shi. "Amma madubin nan kin rasa shi."