Cizon da Na Ɗora wa Kilando

…kuma har yanzu wutsiya kake kaɗa min. A cikin keji. An kulle ka, an danna kwaɗo, kana kaɗa wutsiya. Kai wane irin kare ne? Daina kallona. Na ce daina! Kalli bango, kalli kwanon ruwanka, kalli uwarka in kana da ita. Ni ba abin da ya haɗa ni da kai.

Madam Thérèse ta shiga ɗaki neman makullin moto, babur ɗinta. Ta ce in zauna kan bencin nan kar in motsa, in ɗaga hannun sama. Ga shi na ɗaga. Bandeji fari fat, warin magani har maƙogwaro. Rana ta take, ko inuwar darbejiyar nan zafi take fitarwa… kai kuma ka zaro harshe kamar an ba ka labari mai daɗi.

Duk kai ka jawo. Kai. Karnuka goma sha ɗaya ne a gidan nan, duk tsintattu daga bola da bakin kasuwa, akwai wanda ya taɓa damuna? In zuba musu tuwon masara da kan kifi, su ci, su yi min gurnani, in wuce. Haka kare yake. Kare ya san shi kare ne. Amma kai, tun ranar da aka sauke ka daga kwali, duk ƙaiƙayi, haƙarƙari a waje, ka tsallake Madam, ka tsallake kwanon abinci, ka zo ka ɗora min ƙafafu a ƙirji. Na kira ka ne? Na san ka ne?

Kilando wai. Don ba ka tsayawa, kullum gudu kamar 'yan moton haya da ake ce wa kilando. Madam ce ta sa maka, tana ta dariya. Ni ban yi dariya ba. To… na yi kaɗan. Sau ɗaya.

Sau bakwai, Kilando. Ka san sau bakwai? Ɗaya da ƙasa. Duk inda yawunka ya taɓa. Hannu, wuya, ranar nan har kunne! Kullum kafin la'asar ina bayan randa ina dirza, in cire zanin aiki in cusa a buhu, in sa hijabina, in fita kamar mutum. Fatar hannuna duk ta tsattsage. Inna ta kama ta juya, ta ce Ummuhani wannan wane irin ɗinki ne mai cin hannu haka? Na ce sitati ne. Sitati! Ta yarda. Ta shafa min man shanu da hannunta, ni ina kallon ƙasa…

Ɗinki. Wata huɗu ke nan rabona da keken ɗinki. Leshin nan, mai ruwan zuma, na uwar amarya — dutsen guga ne ya yi zafi, ni na sani? Na ɗan waiga ne kawai. Rami kamar tafin hannu. Anti Fauziya mai shagon ko zagi ba ta yi ba, ta nuna min ƙofar shago da almakashi. In koma gida in ce me? An cire ni daga lakwal a aji uku don kaina ba ya ɗauka, an kai ni ɗinki, nan ma… A'a. Kwana shida ina yawo a unguwar Djamboutou daga safe zuwa la'asar, in zauna gindin wannan katanga, in tashi in koma wancan. A nan Madam ta gan ni. Ba ta tambaye ni komai ba, ta miƙo min ruwa da tsintsiya. Da na ji haushi a ciki na so in gudu. Ban gudu ba. Ina zan je?

'Yar Malam Mahamat. Mai dafa wa karnuka tuwo.

Faɗi mana da ƙarfi, a ji yadda yake a kunne. Baba da manyan mutane ke zuwa ɗaukar karatu a ƙofar gidansa, masu furfura, su tuɓe takalmi tun daga bakin kwata. Baban da ko inuwar kare ta gitta tabarmarsa sai an kakkaɓe. 'Yarsa tana tsince wa kare kaska da farce. Eh, na tsince maka. Ba don kai ba ne, Madam ce ta sa ni. Kar ka ɗauka wani abu ne.

Me take yi a ciki ne har yanzu? Makulli ɗaya…

Mai gidan nan ya ce ƙarshen wata yana son gidansa. Shi ke nan aka fara rabo. Madam ta ɗauki hotonku ɗaya ɗaya ta sa a waya, wai ana neman mai so. Baƙin nan mai mugun hali, tun ranar farko wani mai garejin mota ya ɗauke. Mai ido ɗaya an tafi da ita Kaélé. Har gurguwar ta samu gida! Kai fa? Mutum ya zo duba mai gadi, ka ruga ka kwanta masa a ƙafa, ciki sama. Ka kawo masa takalmin Madam kyauta. Wa zai ɗauki kare mai yi wa ɓarawo sannu da zuwa? Sakarai. Ko haushi ɗaya ba ka iya ba, sai tsalle, sai lasa, sai wannan wutsiyar da ba ta gajiya. Da ka yi hali irin na 'yan'uwanka da tuni kana can wata unguwa, ni ina nan lafiya.

Sai jiya. Ina bayan kicin ina kankare tukunya na ji murya. Na san ta. Tun ina goyo na san ta. Alhaji Shu'aibu! Na faɗa bayan buhunan gawayi, numfashi ma da rabi-rabi nake yi. Wai ɓarayi sun dame shi a magaza, inda yake tara shinkafa. Kai kuma ka je kana zagaya shi kamar ka ga ɗan'uwanka. Ya ja riga, ya ja baya, ya yi dariya. Ya ce ba komai, girmansa ya isa, ɓarawo ba ya tsayawa tambayar halin kare. Jibi zai aiko a ɗauka.

Magazar Alhaji Shu'aibu. Ƙofarta na kallon ƙofarmu. Taku nawa ne? Ashirin? Ba su kai ba.

Na hango abin a raina tun kafin ya faru. Ina dawowa da la'asar, hijabi wankakke, jakar ɗinkin ƙarya a kafaɗa. Baba kan buzu, dattawa sun kewaye shi, littafi a buɗe. Kai ka shaƙi iska. Ka tsinke igiya — ka san kana tsinkewa, sau nawa a nan? — ka taho a guje, ka tsallake kwata, ƙafafu a ƙirjina, harshe a fuskata, kana wannan kukan naka na murna kamar jariri. Karen da aka kawo jiya-jiya. Ya wuce kowa a layin, ya zo wurin Ummuhani. A ina ya san ta? A ina, Ummuhani? Baba ba zai ɗaga murya ba. Rufe littafin kawai zai yi…

Na gwada, Allah ya sani na gwada. Yau da safe na jefe ka da dutse, ka ɗauko dutsen ka kawo min. Na shafa barkono a hannu na miƙa maka, ka yi atishawa sau biyar, ka dawo ka lashe ɗaya hannun. Na ce maka tafi, na tsane ka, ƙazami, najasa, da Hausa, da Fulatanci. Ka zauna ka karkata kai. Me ya rage min? Faɗa min, tunda kai ne mai wayo.

Akwai wata ƙusa a jikin ƙyauren kicin. Na zare ta. Huda biyu a saman hannuna, biyu a ƙasa, na auna da bakinka a raina. Ta farko ce mai wuya. Sauran… hannu ya riga ya mutu. Sannan na kurma ihu.

Cewa na yi a raina, za a ce wa Alhaji wannan yana cizo, a ba shi wani. Shi ke nan! Ka zauna nan, ko a kai ka wani wuri mai nisa, Tibati, ko'ina, can inda ba wanda ya san ni. Iyakar abin da na nufa ke nan. Wa ya gaya min akwai doka? Ita Madam 'yar kudu ce, Fulatancinta na sayen tumatir ne, ni Faransancina na aji uku, rabin maganarmu da hannu ne. Ƙila ta taɓa faɗa ban gane ba. Ƙila. Yau dai na gane. Ta wanke ciwon da sabulu, ta daɗe tana wankewa, ta daɗe tana kallo — me take kallo haka? — sannan ta nuna ka, ta nuna keji. Karen da ya ciji mutum ba ta ba kowa. Kwana goma sha biyar a kulle, likitan dabbobi ya duba ko hauka ne. Bayan nan gida ya koma hannun mai shi, kai kuma ba mai karɓa. Ta yi haka da babban yatsa, kamar mai danna allura. Ta rufe ido.

Allurar da ba a tashi.

To sai me? Kare ne. Kare! Kullum mota na take su a hanyar Maroua, wa ya yi zaman makoki? Ni mutum ce, ina da uba, ina da suna a unguwa. Kai me kake da shi? Wutsiya. Daina buga ta a jikin ƙarfen nan, kaf-kaf-kaf, tana shiga min kai…

Ba ka ma yi gardama ba da ta ja ka. Ka ɗauka wasa ne. Ka shiga da kanka.

Sannan ta juyo kaina. Lopital, ta ce, asibiti. Pikir, allura ke nan, ni ma, ba ɗaya ba. Na ce to. Ta ce amma ni yarinya ce, sai babba ya sani. Ton papa, wato Baba. Za mu biya gida tukuna, ta gaya masa da bakinta cewa karenta ya ciji 'yarsa a wurin aiki, ta ba shi haƙuri. Na ce a'a, Madam, ya warke, ba zafi, kalli! Ta girgiza kai. Ton papa, ta sake cewa.

Madam Thérèse a ƙofar gidanmu. Da siket ɗinta duk gashin kare, da gicciye a wuya, tana sauka daga moto gaban dattawa. A wurin aiki, Malam. Wane aiki?

Dakata… dakata in lissafa. In na yi shiru, yanzun nan za ta kai ni, Baba ya ji, kai kuma kwana goma sha biyar. In na faɗa, a buɗe ka, gobe kana magaza, ka tsinke igiya, Baba ya gani. Ta nan ƙofarmu. Ta can ma ƙofarmu. To hudar nan huɗu na mene ne? Na mene ne, Ummuhani? Ba abin da na saya da su. Baba zai rufe littafin ko ta yaya. Abin da ya bambanta kawai… kai ne. Ko kana numfashi ranar, ko ba ka yi.

Na tsane ka. Wallahi na tsane ka. Da ka cije ni da gaske da ya fi min sauƙi.

Ga ta nan ta fito. Ta tura moton, ta buga sau ɗaya, sau biyu, ya tashi. Tana yafito ni da hannu. Ina nan kan benci. Tashi mana. Tashi ki hau, ki yi shiru, ya wuce…

"Madam."

Ta kashe moton. Tun kafin in rufe baki ta kashe, kamar dama yatsanta na kan makullin. Ba ta sauko ba. Hannuna take kallo, ba fuskata ba.

Tana jira. Na gaji… kai, na gaji. Ban ma san yadda ake cewa ƙusa da Faransanci ba.