Ruwan Kwalbar Furanni

Tunda Yahanasu take a Wurma ba ta taɓa ganin an je dubiya da fure ba. Kunu ake kaiwa, ko fura, ko lemo in da hali. Amma ga abokan karatun ɗanta Munzali sun shigo ɗakin asibiti a Dutsin-Ma da jajayen furanni cikin kwalbar ruwa, sun dire masa a gefen gado. 'Yan boko ke nan. Mutum na kwance da ciwo, su kawo masa abin da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci.

Babur ne ya kayar da shi a hanyar Kurfi. Likita ya ɗinke ƙaurin, ya ce in ciwon bai ruɓe ba, ƙafar za ta tsira.

Kwanaki suka yi ta tafiya, Yahanasu na zaune kan tabarma tana kallon kwalbar nan. Abin ya tsaya mata a rai. An yanke furannin, ba saiwa ba ƙasa, amma ga su nan shar. Ruwan da ya raya abin da aka yanke ai ba ƙaramin ruwa ba ne. Sai ta riƙa tsiyaya kaɗan a tafin hannu, ta yi tofi yadda maigidanta Malam Sa'idu ya koya mata, ta ɗaga gefen bandeji ta shafa. Munzali ya ce yana jin sanyi-sanyi. Ta ji daɗi har ranta.

Sai ga zazzaɓi, sai ga wari. Da nas Batula ta kwance bandejin, ta ga ciwon ya ruɓe, sai ta ɗauki kwalbar ta duba. Ruwan ya yi kore-kore, har yauƙi yake.

"Wa ya bar wannan a nan? Mama, ruwan fure in ya kwana biyu, ƙwayoyin cuta ne fal a ciki. Ko kusa da ciwo ba ma so ya zo. Ba dai wanda ya taɓa shi ko?"

Yahanasu ta dubi tafin hannunta. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Likita ya ce sai Katsina, kuma bai yi alkawarin ƙafar ba. A cikin mota Munzali ya buɗe ido da ƙyar, jikinsa zafi rau.

"Inna, ki shafa mini ruwan nan naki. Shi kaɗai ke sa in ji sauƙi."

Ta kama hannunsa ta riƙe.

"Ya ƙare," ta ce.